Ina ne ƙofar samun tallafin gwamnati don gina wa marasa muhalli ɗakuna?

Assalamu alaikum ƴan uwa. Muna da ƙaramar ƙungiya a nan Damagaram, muna kula da iyalan da ambaliyar damina ta 2024 ta rushe wa gidaje, shekarar da tsohon masallacin Birni ya faɗi. Da aka kwashe su daga makarantun da suka fake a ciki don a koma karatu, wasu sun rasa inda za su nufa. Har yau akwai tsohuwar da ke kwana da jikokinta a rumfar zana da leda, kayansu a ɗaure cikin buhu.

Muna da takardar izini daga ma'aikatar cikin gida, muna da asusu a banki. Abin da ya tsaya mana shi ne kuɗin gini. Wani ofishi ya ce mu kawo takardar fili tukuna, wani kuma ya ce ba a ba da fili sai an ga kuɗi a hannu.

Don Allah, wanda ƙungiyarsa ta taɓa samun irin wannan tallafi, ta ina kuka fara? A nan jiha ake ajiye takardu ko sai an je Yamai? Kuma dole ne sai mun nuna namu kason kafin a saki na gwamnati?