Shawarwarin malaman tarihi a Gusau kan koyar da gwamnatin Amurka ta farko

Malaman tarihi na sakandare sun zauna a Gusau kan yadda za a koyar da wannan darasi, ga abin da na tsinta.

Mafi yawansu sun ce a fara da kuɗi, kuma ina tare da su. Tsarin mulkin Amurka na farko, wanda aka rubuta a 1777, ya fara aiki a 1781, bai ba majalisar ƙasa ikon karɓar haraji ba, sai dai ta roƙi jihohi 13 su aiko. Da ta nemi a gyara tsarin don ta karɓi harajin kashi 5 cikin ɗari kan kayan da ake shigowa da su, jihar Rhode Island kaɗai ta ƙi a 1782, maganar ta mutu, domin gyaran tsarin sai kowace jiha ta yarda. Ba shugaban ƙasa, sojojin da suka yi yaƙin 'yanci kuma suna bin bashin albashi. Wata malama ta ce a tambayi ɗalibai: wane magidanci ne zai riƙe gida da roƙon cefane?

Wani dattijo ya ja kunne kada a nuna Amurkawan wancan lokaci a matsayin wawaye. Yanzu suka fito daga hannun Sarkin Ingila, tsoron gwamnati mai ƙarfi suke yi. Wannan shawara ta fi kama ni, domin yaro ba zai gane taron Filadelfiya na 1787, inda aka rubuta sabon tsarin mulkin Amurka, ba sai ya san wannan tsoron.

An kuma ce a kawo misalin gida na ja-in-ja tsakanin yankuna wajen tsara gwamnatin tsakiya: taron Ibadan na 1950, inda wakilan Arewa suka dage sai an ba su rabin kujerun majalisar tsakiya.