An yanke mini katalizar a ƙarƙashin Sprinter, in saka wani ko in yi waldar bututu kawai?

Ɗan Sabon Gari:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin mota ku taimaka mini da shawara. Ina da Sprinter ta 2012 mai gazuwal, irin wadda Turawa ke yi wa gado da ɗan kicin a ciki suna yawo da ita, da ita nake kai iyali Tanut da Agadas, mu kwana ciki in dare ya yi mana. Sati biyu tana tsaye ƙofar gida ban taɓa ta ba, jiya da asuba na tada ta sai ƙara kamar injin niƙa har maƙwabta suka fito, na leƙa ƙasa na ga an yanke eshapma, wato bututun hayaƙi, gaba da baya, wannan tulun na tsakiya babu shi, wayoyi na reto. Wallahi raina ya ɓaci, ba mu ji ko motsi ba da dare. Na kai ƙara komisariya. Yanzu wani mai walda ya ce ya haɗa mini bututu miƙaƙƙe a wuce wurin, wai kowa haka yake yi. In yarda?

Makaniken Zango:
Wa alaikumus salam, Allah ya mayar da alheri Alhaji. Kafin komai kar ka hau hanya da ita a haka kuma kar kowa ya zauna ciki inji na aiki, yanzu hayaƙin daidai ƙarƙashin gadon yaranka yake fita, kuma akwai iska mai kisa a ciki wadda ba ta wari.

Abu biyu suka ɗauke maka ba ɗaya ba. Motarka Euro 5 ce, wato mataki na biyar na dokar hayaƙin mota ta Turai, akwai katalizar na gazuwal sai matatar baƙin hayaƙi da muke ce wa FAP, kusa da juna suke. Cikin katalizar wani abu ne kamar saƙar zuma an shafa masa filatinom da faladiyom, ƙarafa masu tsada, su suke nema, ƙarfen waje ba ya da wani kuɗi. Na motocin esansi ya ma fi tsada don akwai rodiyom, wanda a 2021 awunsa ɗaya, giram 31 kenan, ya kusa dala 30,000 ta Amurka, lokacin ne satar ta haukace a Ingila da Amurka, Toyota Prius ta sha wuya. Taka kuwa tsayinta ne ya jawo mata, mutum zai shige ƙasa ba jak ba komai, da zarto mai batir minti kaɗan ya gama.

Maganar bututu, mai walda aikinsa ƙarfe ne bai san abin da ke cikin kwamfutar mota ba. Akwai kaptar, wato ƴan na'urorin awo, na zafi, akwai wasu siraran tiyo biyu da ke auna cushewar FAP, in kwamfuta ba ta ji su ba wuta za ta kama a tablo mota ta ƙi ja, ka taka har ƙasa tana tafiyar jaki. Wani lokacin ma ta dinga ƙara feso gazuwal wai tana ƙona baƙin hayaƙin da ya taru a matatar da babu ita, gazuwal ɗin ya gangara cikin man inji ya tsinke shi. Na ga injin da ya mutu ta haka. Sa'arka ɗaya galibin na 2012 ba su shan AdBlue, ruwan nan na tsabtace hayaƙi, da Euro 6 ce da kuka ya fi haka.

Direban Magarya:
Haba maigida kai ma ka san rabin motocin da ke garin nan tun kafin su iso an ƙwaƙule musu katalizar, kuma suna tafiya lafiya lau. A kai wa masu kwamfuta su goge FAP ɗin daga program a yi walda shikenan. Ni tawa da kaina na sa aka cire don kullum toshewa take, wannan kayan an yi su ne don gazuwal ɗin Turai mai tsabta, mu nan wataran na ƴan ruwa-ruwa za ka zuba a daji ba ka san me ke cikin jarka ba, ga ƙura ga zafi. Kuɗin sabo kuma ai sai ka sayar da rago nawa.

Maman Ikilima:
Malam direba suna tafiya lafiya, mu da ke bayansu kan kabu-kabu fa? Ɗiyata na da asma, in kamiyo ya bule mu da baƙin hayaƙi wajen kasuwar Dole ranar ba mu barci, ni na san abin da nake gani. Tun 2012 hukumar lafiya ta duniya ta sa hayaƙin gazuwal cikin abubuwan da ke kawo kansa. Kuma wannan bawan Allah ya ce yaransa cikin motar suke kwana. Yaya don Allah ko a hankali ne ka tara kuɗin ka mayar da abinka.

Makaniken Zango:
Direba maganar mai gaskiya ce, na Turai sinadarin sulfa da ke ciki 10 ppm ne iyakarsa, wato kashi 10 cikin miliyan, kuma in ya yi yawa yana kashe katalizar da wuri. Amma yawancin toshewar da nake gani daga yawon cikin gari ne, FAP sai ya kai zafi wajen digiri 600 yake ƙone baƙin hayaƙin da ya tara, wannan kuwa sai kan doguwar hanya, kuma Alhaji ai ɗan hanyar Agadas ne, irin tafiyar da take so kenan. Sai man inji, a nemi mai alamar C3 ko 229.51 a jikin galan, ba kowane na durom ba.

Alhaji nemi na hannu wanda aka ciro daga mota irin taka, a duba lamba ta yi daidai. Ka haska tocila ciki ka ga saƙar zumar da idonka, ka jijjiga ka ji ko tana kwaram-kwaram, don akwai masu fasa shi su kwashe cikin su like su sayar maka da gwangwani. Kuma ka tambayi daga wace mota aka ciro, in mai kaya ya fara kame-kame ka bar shi, na wani ne aka yanke kamar yadda aka yi maka. In an ɗaura sai mai waldan naka ya samu aiki, ya yi mata keji da rodi mai kauri ko faranti a ƙasa, a bar wurin shan iska don wurin zafi yake sosai kar ya kama ciyawa.

Ɗan Sabon Gari:
Na gode ƙwarai Allah ya saka. Hajiya Allah ya ba yarinya lafiya, maganarki ta shige ni, bututun nan na fasa. Mun tura ta cikin gidan wana a Birni tun da yana da get, can za ta zauna har kaya su samu. Akwai ƙanena da zai sauka Kano ranar Laraba zan ba shi lambar shasi ya duba. Maigida su kaptar ɗin da suka yanke wayoyinsu ana iya haɗawa ko su ma sai an sayo sababbi? guda biyu na gani suna reto, ɗaya kuma babu kansa gaba ɗaya.