Akwatin tace ruwa da zafin rana: da me zan toshe gefunansa?

Tambaya:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na haɗa akwatin katako domin tace ruwan zartsi da zafin rana. A cikinsa akwai faranti mai baƙin fenti, a samansa gilashi a karkace, sai magudana a ƙasan gilashin da ke kai ruwa cikin kwalba ta tiyo. Gilashin yana yin gumi sosai, amma ruwan da ke taruwa a yini kaɗan ne ƙwarai. Da me ya dace in toshe gefunan, kuma wane abin toshi ne ba zai gurɓata ruwan sha ba?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Malam. Akwatin da faɗinsa ya kai murabba'in mita ɗaya yakan ba da lita 2 zuwa 4 a ranar da rana ta buɗe sosai, don haka idan naka ya gaza haka nesa, mai yiwuwa tururi ne yake tserewa. Ka sanya wani abu mai hayaƙi a ciki, ka rufe gilashin, ka bi gefuna da ido. Duk inda ka ga hayaƙi yana fitowa kamar zare, nan ne ɓarakar take. Ka yi amfani da silikon, wato abin manni mai kama da roba, irin wanda ake haɗa akwatin kifi na gilashi da shi, ka guji na banɗaki, domin ana zuba masa maganin kashe funfuna wanda bai kamata ya taɓa ruwan sha ba. Ka bar shi ya bushe kwana biyu ko fiye, har warinsa ya gushe, sannan ka zubar da ruwan kwanakin farko.

Amsa ta biyu:
Na yarda da amsa ta farko, sai dai kada ka manne gilashin gaba ɗaya, domin gishiri zai taru a farantin kuma dole ne a riƙa wanke shi. Ka shimfiɗa robar toshi a bakin akwatin, ka danne gilashin a kanta da maɗauri. Kuma kada zurfin ruwan ya wuce santimita 2 ko 3, saboda ruwa mai zurfi yana jinkirin ɗaukar zafi. Ka cusa garin katako busasshe ƙarƙashin farantin domin riƙe zafin.

Amsa ta uku:
Ka duba karkatar gilashin ma, domin idan ta yi ƙasa da digiri 10 zuwa 15, ɗigon zai riƙa faɗawa cikin farantin kafin ya kai magudana. Sannan ruwan da fetur ko kalanzir ya shiga kada ka zuba shi a farantin, domin suna tashi tare da tururin.