Abin da na tsinta a hirarmu kan ɓari da sake ɗaukar ciki

Ranar da muka je yi wa ƙanwata jajen ɓarin da ta yi, hira ta yi tsawo, har wata ungozoma maƙwabciyarta ta sa baki.

Abin da ta fi nanatawa shi ne mace ta daina ɗora wa kanta laifi. A cikin ciki 100 da aka san da su, 10 zuwa 20 kan zube, galibi kafin mako 12, kuma kusan rabi saboda tangarɗar ƙwayoyin halittar ɗan tayin ne. Daka ko ɗiban ruwa ba sa jawo shi. Na ga ƙanwata ta sauke ajiyar zuciya, tana murza bakin mayafinta.

An yi gardama kan jira kafin sake ɗaukar ciki. Gwaggo ta ce wata shida, shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa bayarwa. Ungozomar ta ce bayan ɓarin farkon ciki da bai zo da matsala ba, a bari jini ya ɗauke, a ga al'ada ɗaya, domin lissafin ciki ya yi daidai. Ƙwai kan iya fitowa mako biyu bayan ɓari. Ni dai na ga a bar zuciya ma ta warke, kada dangin miji su matsa mata.

Ungozomar ta ce a fara shan ƙwayar bitamin folik asid tun kafin ciki, a kwana cikin gidan sauro. Idan ɓari ya kai biyu ko uku a jere, a auna suga, maƙoƙo da jini. Zazzaɓi, jini mai yawa ko ruwa mai wari kuwa, a wuce asibiti nan take.