Musayar waƙa: 'Yar sarkin Meroye a littafin Heliyodoros

Ɗan Bakin Kogi:
Salama, ma'abota baiti. Jiya na sauke fassarar Turanci ta Aethiopica, tsohon labarin soyayya na Girkanci mai kashi 10, wanda Heliyodoros mutumin Emesa, wato Hims ta Siriya, ya rubuta. Ga nawa, amsa-amo "wa":

Na buɗe shafi gari na wayewa,
Sai ga 'yan fashi kan tudu suna leƙawa.
Bakin Nilu jirgi maƙare da kaya,
Ba matuƙi, sai gawa kan gawa.
Budurwa na zaune a kan dutse,
Kwari a kafaɗa, saurayi take dubawa.
Jini ya rufe shi, numfashi da ƙyar,
Ta ce in ya cika ita ma ba ta kwanawa.
Su wane ne? Daga ina suka fito?
Marubuci ya tsuke baki, bai faɗa wa kowa.
Sai da na ci rabin littafin cur,
Sannan ƙullin ya fara kwancewa.

'Yar Tawada:
Yaya, ka yi haƙurin da ni ban yi ba,
Tsoho Kalasiris bai iya gajarta zance ba,
Dare ya raba bai ajiye labari ba,
Mai sauraronsa ma bai nemi barci ba.

Amma ga ƙashin da ya tsaya mini a wuya:

Sarki Hidasfis na Itiyofiya baƙi ne, ba a musa ba,
Sarauniya Farsina ba ta bambanta da shi ba,
'Ya ta zo fara sol, ba su taɓa gani ba,
Wai hoton farar mace Andiromeda uwa ta kalla, ba wani ba.

Tsoron zargi bai bar ta ta shayar ba,
Ta ce wa miji 'ya ba ta zo da rai ba,
Ta yar da ita da ɗamara mai rubutu, ba ta waiwaya ba.
Shin baƙar budurwa ba ta isa jaruma ba?

Malam Mai Alli:
'Yata, kafin baiti bari in gyara wani abu da fassara ke ruɗar da mutane. Ƙasar da Girkawa ke kira Itiyofiya a nan ba Habashar Addis Ababa ba ce. Fadar Meroye ce, kangonta na Sudan yanzu, kusa da Shandi, wajen kilomita 200 arewa da Khartum. An fara buga littafin da Girkanci a Basel a 1534, Thomas Underdown kuma ya juya shi zuwa Turanci a 1569. To, amsa-amo "ya":

Kin yi tambaya mai nauyi, 'yata,
Zauna mu bi sawun gaskiya.
Wa marubucin ya ba rawanin adalci?
Baƙin sarki, ba gwamnan Farisa mai zinariya.
Ya kewaye birnin Siyene da ruwan Nilu,
Da suka miƙa wuya ya bar su lafiya.
Arsaki, matar gwamnan, ita ce annoba,
Ta ga saurayin, Tiyajinis, ta zubar da kunya.
Aka dama guba don budurwar, Karikiliya,
Tsohuwar da ta dama ita ta bar duniya.
Ranar shaida kuwa a gaban sarki,
Aka janye hannun rigar yarinya,
Baƙin tabo ya zagaye farin damtse,
Shi ya ce wa Meroye ga 'yarku, ga magajiya.

'Yar Tawada:
Baba, na karɓi gyara, Allah ya ƙara sani. Tabon nan dai bai gamsar da ni ba, kuma saura ɗaya:

Ta tsere wa 'yan fashi ba su taɓa ta ba,
Ta ƙetare teku, ruwa bai ci ta ba,
Ta iso gidan ubanta ba a ce sannu ba,
Sai "taka wuta mu ga ko ba ki san namiji ba."

Ta taka ƙarfen, tafinta bai ƙone ba,
Tsarkin nan kuma bai zame mata ceto ba,
Don mai tsarki ake yanka wa Wata, ba mai dauɗa ba.
Baba, wannan sakayyar ban gane ta ba.

Malam Mai Alli:
A nan kin kama ni. Sai dai ki tuna saurayin ma ya taka wutar, ba ita kaɗai ba.

Taron jama'a ne suka ɗaga murya,
Suka ce sarki kada ka yanka ɗiya.
Sisimitiris, shugaban masu hikima,
Ya ce yankan mutum a bar shi gaba ɗaya.

Ɗan Bakin Kogi:
Ni fa abin da ya ba ni dariya a kashi na 10 daban ne. Jakadun masarautar Aksum sun kawo wa sarki wata dabba, marubuci ya ɓata layi da yawa yana siffanta ta, tun a layi na uku na gane mutuniyar.

Wuya zaƙaƙa, fata dabbare-dabbare,
Kai na raƙumi, tafiya da rangaɗawa.
Girkawa suka ce raƙumi-damisa,
Mu muka ce raƙumin dawa.
Mai fassara na ta gumi da ƙamus,
Bahaushe da Bagirke sun riga sun gaisawa.
Bijimin hadaya ya gan ta ya tsinke igiya,
Dawaki suka bi shi da zaburowa.
Tiyajinis ya ɗare doki ya cim masa,
Ya kama ƙaho ya kai shi ƙasa, ana sowa.

'Yar Tawada:
Yaya, a tawa fassarar ban kai nan ba,
Gwajin wuta ya sa ban ƙara buɗe ta ba.
Yau zan koma, ba don ango da amarya ba,
Raƙumin dawan nan ne ban yarda in rasa ba.