Zaman shiru a waje lokacin kaka: me kuka gani?

Maman Safiyya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kaka ta shigo, rana ta fara saurin faɗuwa, kuma ina so in ji ta bakin waɗanda suka taɓa gwada wannan abu: mutum ya fita waje, ya sami wuri ya zauna shiru, ba waya ba hira, ya zuba wa abin da ke gabansa ido. Ni mako 3 ke nan da farawa. Barci ne ya ƙaurace mini, kaina ya zama kamar kasuwa. Akwai wata bishiya a bayan wurin aikinmu, nakan zauna gindinta minti 20 kafin in kama hanyar gida.

Kwanakin farko ban ga komai ba sai lissafin da na zo da shi. Gangar jiki na zaune, zuciya na can. A rana ta biyar na lura da wani reshe da ganyensa ya fara rawaya daga baki-baki, tsakiyar kuwa kore shar. Washegari shi na fara nema kafin in zauna, kuma tun daga ranar shi nake zuwa dubawa. Jiya na ƙirga, saura ganye 7. Tambayata ita ce, tunanin nan yana daina zuwa kuwa, ko ni ce ban iya ba?

Malam Haruna:
Wa alaikumus salam. 'Yata, ba ya dainawa, kuma kada ki ɗauka rashin iyawa ne. Shekara 6 ina wannan zama, har gobe tunani na zuwa. Abin da ya sauya kawai, na daina raka shi. Da na farga hankalina ya tafi, sai in maido da idona kan abin da nake kallo, ko in saurari numfashina yana shiga yana fita. Ko sau hamsin ne, haka zan yi ta dawowa ba tare da na yi wa kaina faɗa ba.

Game da reshenki, rawayar nan tana cikin ganyen tun yana ɗanye. Sinadarin kore da ake kira kulorofil, wanda ganye ke kama hasken rana da shi ya haɗa wa bishiya abinci, shi ne ya rufe ta. Idan yini ya gajarta, bishiya sai ta daina sabunta koren, ta rushe shi, ta janye abin amfanin da ke cikin ganyen zuwa rassa da saiwa ta adana. Jan launi kuwa sabo ake yin sa a kaka daga sukarin da ya rage a ganye, shi ya sa yakan fi kauri idan aka sami rana mai haske da dare mai sanyi. A daidai inda ganye ya haɗu da reshe kuma, bishiyar na gina wani siririn shinge da ke toshe hanyar ruwa. Kafin iska ta zo ta ɗauke shi, ita ta riga ta sallame shi.

Sadiq:
Ku yi haƙuri, ni fa sau uku na gwada na bari. Ƙasa ta yi sanyi, ƙafata ta sage, kuma kafin minti 5 hannuna ya riga ya shiga aljihu neman waya. Abin da ya fi damuna, shirun nan tsoro yake ba ni. Duk abin da nake gudun tunawa a lokacin yake taso mini. Nakan tashi da gajiya fiye da yadda na zo.

Anti Zainab:
Ƙanena, ba kai kaɗai ba ne, kuma gara da ka faɗa. Ni ma zama wuri ɗaya bai karɓe ni ba da farko, sai na koma tafiya a hankali, irin tafiyar da ba inda za a je. In na ji tsuntsu na tsaya, in ya yi shiru na ci gaba. A Japan ma abin da suke kira shinrin-yoku, wato wankan daji, wanda hukumar gandun dajinsu ta fito da sunan a 1982, yawanci yawo ne a hankali cikin itatuwa. Ka tafi da abin shimfiɗa mai kauri, domin ƙasa na zuƙe ɗumin jiki da sauri. Ka ƙara riga ɗaya a kan wadda kake ganin ta isa, tunda wanda ke zaune ya fi mai tafiya jin sanyi. In wurin da doguwar ciyawa, ka cusa ƙafar wando cikin safa saboda kaska, ka duba jikinka in ka dawo. Wayar kuma a kashe ta a jefa can ƙasan jaka, aljihu ya yi kusa.

Maganar abin da ke taso maka kuwa, ba zan raina ta ba. In ya yi nauyi, ka tafi da wani ku zauna tare ko da ba za ku ce uffan ba, in kuma ya ci gaba ka ga likita. Ba a yin wannan zama da tilas.

Nura:
Ni tsattsewa ce ta kama ni. A ƙasar sanyi nake, kuma farkon Satumba nakan gan su jere reras a kan wayar lantarki kusa da wani rafi, suna ta cacar baki. Kullum da yamma nakan ƙirga. Wata rana na zo na tarar da wayar fayau. Na daɗe a tsaye. Tsuntsuwar da nauyinta wajen giram 20 ne kacal, ta kama hanyar tsallake Bahar Rum da Sahara, wasunsu ma daga Ingila har Afirka ta Kudu, kusan kilomita 10,000. Da ban riƙa zuwa wuri ɗaya a lokaci ɗaya ba, da ban san ranar da suka tashi ba. Ina da ɗan littafi da nake rubuta kwanan wata da abin da na gani, layi biyu kacal.

Malam Haruna:
Nura, a nan muka rabu. Na gwada littafin na ajiye, domin sai na kama kaina ina tsara jimla alhali tsuntsun na gabana. Amma in sai ka koma gida kake rubutawa, ba laifi.

Hadiza:
Ban cika magana ba, amma bari in sa baki. Mahaifiyata ta rasu bara war haka, Allah Ya jiƙanta. Bayan an watse, gidan ya yi mini girma, sai na riƙa fita da sassafe in zauna a bakin wani fili. Wata safiya na ga saƙar gizo tsakanin karan ciyawa biyu, raɓa ta jeru a kan kowane zare kamar an shirya duwatsun wuya. Na matso har numfashina na motsa ta. A tsakiyar saƙar, gizon na nan bai ko motsa ba, ƙafafunsa a kan zaren yana jira. Da hantsi ya ɗaga, raɓar ta bushe, saƙar ta ɓace mini duk da na san tana wurin.

Daga baya na fahimci raɓa ta fi sauka a daren da sama ta yi garau ba iska, domin ƙasa da ciyawa na sakin zafinsu su huce, danshin iska ya kwanta a kansu. Gizo-gizo kuma a kaka ya gama girma, saƙarsa ta fi faɗi. Sai na fara duba sama da daddare in ce gobe akwai raɓa. Wannan ne abu na farko da na ɗokanci wayewar gari dominsa tun bayan rasuwar. Na yi kuka a wurin nan ba sau ɗaya ba, kuma ban ji kunyar kowa ba.

Anti Zainab:
Allah Ya gafarta mata, Ya ba ki haƙuri, Hadiza.

Sadiq:
Amin. Anti, ran Asabar zan gwada tafiyar, minti 10, da abokina.

Maman Safiyya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba Haruna, yau na je da maganarka a raina. Saura ganye 4. Na tashi na duba inda sauran suka faɗi, sai ga ɗan tabo a jikin reshen, busasshe, a rufe ruf kamar yadda ka ce. A saman kowane tabo kuma akwai wani ɗan ƙullutu mai ruwan ƙasa, bai kai ƙwayar tsakuwa ba, da tauri in an taɓa. Shi ne tohon baɗi, ko? Gobe zan tafi da tabarau in ƙara dubawa.