Neman shawara: bel ɗin kujera a motar lantarki

Abban Khadija, Samaru:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na sayi motar lantarki wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje, kuma ina yawan bin hanyar Zariya zuwa Kaduna da iyalina. Yayana ya ce tunda motar tana da jakunkunan iska da birki mai kama kansa, ɗaura bel ba dole ba ne, har ma yana ganin haɗari ne, domin idan batir ya kama wuta bel ɗin zai iya riƙe mutum a ciki. Hajiya mahaifiyarmu ta ji wannan magana, yanzu ba ta yarda ta ɗaura a kujerar baya. Mai ɗakina kuma tana da juna biyu. Don Allah masu sani su ba ni shawara.

Injiniya, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Da girmamawa ga Yaya, maganarsa ba daidai ba ce. An ƙera jakar iska ne domin ta taimaka wa bel, ba domin ta maye gurbinsa ba, kuma tana fitowa da ƙarfi ƙwarai cikin ƙiftawar ido, ta yadda wanda bai ɗaura ba zai iya faɗa mata tun tana buɗewa ta ji masa rauni. Birki mai kama kansa kuwa shi ma dalili ne na ɗaurawa, domin yakan kama ba zato, alhali fasinja bai shirya ba.

Game da wuta, abin da ke fitar da mutum daga mota shi ne ya kasance cikin hayyacinsa bayan karo, kuma bel ne ke hana kansa buguwa da gilashi ko sitiyari. Kwance shi danna maɓalli ɗaya ne. Waɗannan motoci suna yanke wutar babban batir da kansu idan an yi karo mai tsanani. Abin da na fi so ka koya wa iyalinka shi ne inda marikin buɗe ƙofa na hannu yake, domin wasu ƙofofin da lantarki suke buɗewa. Kada kuma kowa ya taɓa wayoyi masu launin ruwan lemo, su ne masu ɗauke da babbar wuta.

Malama Maman Haidar, Tudun Wada:
Ni ma'aikaciyar jinya ce. Mai juna biyu ta ɗaura bel, amma igiyar ƙasa ta bi ta ƙarƙashin ciki a kan ƙashin ƙugu, ta sama kuma ta bi ta kafaɗa da tsakiyar ƙirji, kada ɗaya ta hau kan cikin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bel yana rage haɗarin mutuwar na kujerar gaba da kusan rabi. Hajiya kuwa a lallaɓe ta cikin ladabi, a nuna mata cewa wanda bai ɗaura a baya ba yakan faɗa wa na gabansa idan an yi karo, wato ɗanta ko surukarta. Ina ganin wannan zai fi shiga zuciyarta. Idan Allah Ya sauke mai ɗakinka lafiya, kada a riƙe jariri a cinya a kujerar gaba.

Alhaji, Ƙofar Doka:
Ɗana, tun 2003 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta ɗaura bel a Najeriya, kuma dokar ba ta ware motar lantarki ba. Babbar riga ma ba uzuri ba ce, a gyara ta a ɗaura.

Injiniya, Sabon Gari:
Ƙarin bayani, tunda motar ta hannu ce: idan ta taɓa yin karo, mai yiwuwa na'urar da ke tsuke bel ta riga ta tashi, kuma sau ɗaya take aiki. Idan ka kunna motar, fitilar jakar iska ta kamata ta haska sannan ta mutu. Idan ta tsaya a kunne, ko ba ta haska ba sam, ka kai wa mai na'urar bincike ya duba kafin ka sake hawa hanyar Kaduna da iyalinka.

Abban Khadija, Samaru:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Gobe in sha Allahu zan kai a duba, sannan in zauna da Hajiya da Yaya.